Manyan Kifaye da Ƙanana a Kasuwar Kirifto: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu ƙaramin jari a kasuwar kirifto, musamman bayan sun ɗanɗani asarar farko, suka fara zargin cewa ana yin wani abu a bayan idonsu. Zargin nan yana da tushe. An jera amsoshin daga na farko-farko zuwa masu zurfi, kuma wasu suna jingine da wasu.

Su wane ne ake kira manyan kifaye?

Sunan da 'yan kasuwa suka laƙaba wa duk wanda jarinsa ya kai girman da sayensa ko sayarwarsa kaɗai za ta iya girgiza farashi ke nan. Cikinsu akwai waɗanda suka tara Bitcoin tun farkon fitowarta a 2009, lokacin da ba ta da wata daraja, da kamfanonin zuba jari, da masu manyan gonakin haƙo kirifto, wato tarin kwamfutocin da ke samar da sabuwar Bitcoin da makamantanta, da gwamnatocin da suka ƙwace kuɗi daga hannun masu laifi, da kuma waɗanda suka ƙirƙiri sabon tokin, wato wani sabon kuɗin kirifto, suka riƙe kaso mafi tsoka. Kamfanin MicroStrategy na Amurka, wanda ya koma Strategy, ya fara da sayen Bitcoin ta dala miliyan 250 a watan Agusta 2020, zuwa 2025 kuwa abin da ya tara ya haura Bitcoin 500,000, alhali duka-duka miliyan 21 ce za a taɓa samarwa.

Wani bincike da Igor Makarov da Antoinette Schoar suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa a ƙarshen 2020 mutum 10,000 mafiya jari suna riƙe da Bitcoin kusan miliyan 5, wato fiye da rubu'in abin da ke hannun jama'a a lokacin. Wannan a Bitcoin ke nan, wadda ta fi kowace yaɗuwa. A ƙananan tokin, kashin dankalin ya fi haka muni nesa ba kusa ba.

Ta yaya mutum ɗaya zai iya motsa farashin da duniya ke ciniki a kai?

Farashin da kake gani a waya farashin ciniki na ƙarshe ne kawai. A bayansa akwai kundin tayi, inda aka jera masu son saye da abin da suka taya a gefe guda, masu sayarwa da farashin da za su sallama a ɗaya gefen. A ɗauka wani tokin ana sayar da guda 10,000 a kan dala 1, guda 15,000 a kan dala 1.02, sai guda 20,000 a kan dala 1.10. Wanda ya zo ya kwashe duka 45,000 a lokaci guda ya kashe dala 47,300, farashi kuma ya tashi da kashi 10 cikin 100 cikin daƙiƙa ɗaya. Dubban mutanen da ke kallon allo ba su san cewa hannu ɗaya ne ya yi wannan ba. Abin da suka gani shi ne tokin ya fara tashi, sai su ruga su saya, kuma a kansu wancan mutumin zai sauke kayansa.

Duk sanda kundin ya zama siriri, kuɗin da ake bukata don yin haka sai ya ragu. Shi ya sa motsin ya fi tsanani a ƙananan tokin, da tsakar dare, da ƙarshen mako, lokacin da manyan dillalai suka rage hada-hada.

In har sayarwarsu na karya farashi, ta ina suke fitar da kayansu ba tare da sun cuci kansu ba?

Suna da ƙofar da ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da ita. Akwai dillalai na musamman da ke haɗa babban mai saye da babban mai sayarwa kai tsaye, a daidaita farashi a tsakaninsu ba tare da cinikin ya bi ta kundin tayi ba, akwai kuma manhajojin da ke yayyanka babban ciniki zuwa dubban ƙanana a watsa shi cikin sa'o'i ko kwanaki. A watan Yuli 2025 kamfanin Galaxy Digital ya sanar da cewa ya sayar wa wani tsohon mai jari Bitcoin fiye da 80,000, wadda ta kai kimanin dala biliyan 9, kuma farashi bai yi wata mummunar faɗuwa ba. Akasin haka aka gani a tsakiyar 2024, lokacin da hukumomin Jamus suka sayar da Bitcoin kusan 50,000 da suka ƙwace, kowa yana kallon fitarta daga lalitarsu, wato asusunsu na ajiyar kirifto, tsoro ya shiga, mutane da dama suka sayar da tasu a ƙasa da dala 60,000. Kafin shekarar ta ƙare farashin ya haura dala 100,000.

Ba la'ada ɗaya kowa ke biya ba?

A'a. A manyan dandalin musaya irin su Binance, la'adar mai ƙaramin jari takan kasance kashi 0.1 cikin 100 a kowane ciniki, amma tana raguwa mataki-mataki gwargwadon yawan hada-hadar mutum a wata, har ta koma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ga masu juya miliyoyin daloli. Wasu kamfanonin da aikinsu shi ne cika kundin tayi ma biyansu ake yi.

Kashi 0.1 yana kama da ba komai ba, sai an zauna an yi lissafi. Mai dala 500 da ke saye da sayarwa sau goma a rana da duk jarinsa yana biyan kusan dala 10 kullum, ko ya ci riba ko bai ci ba. Ɗan kasuwar da ke Najeriya ko Nijar yana da ƙarin nauyi, domin sai ya fara canza naira ko sefa zuwa USDT, tokin da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, a hannun 'yan canji na intanet, inda akwai rata tsakanin farashin saye da na sayarwa, kuma zai sake biyan wannan ratar ranar da zai fita.

Da gaske ne na'urori suna shiga gaban mutum a ciniki?

Gaskiya ne. Manyan kamfanoni suna hayar kwamfutoci a cibiyoyin da dandalin musaya ke ajiye nasa, ta yadda umarninsu zai isa cikin ɗan gutsuren daƙiƙa, alhali mai waya a Kano ko Damagaram yana fama da sabis da cajin batir. Kafin labari ya iso shi ya karanta ya danna, manhajoji sun riga sun saya sun sayar.

A dandalin da ba su da mai kula a tsakiya, kamar Uniswap da ke kan Ethereum, abin ya fi fitowa fili. Idan ka aika cinikinka, yakan tsaya a wani zaure na jira wanda kowa ke iya leƙawa kafin a rubuta shi a kundin bulokcen, wato buɗaɗɗen kundin da ake rubuta duk cinikin kirifto a ciki. Manhaja sai ta hango cewa za ka sayi wani tokin, ta biya kuɗin aiki mafi tsada don a sa nata cinikin a gaban naka, ta saya, farashi ya ɗan ɗaga, kai ka saya da tsada, ita kuma ta sayar nan take a bayanka. An sa ka a tsakiya, an yanki wani abu daga kuɗinka, kuma babu saƙon da zai zo ya gaya maka. Duk wanda ya san hadisin da ya hana tarar ayari a hanya kafin ya iso kasuwa ya san farashi zai gane irin wannan ɗabi'a. Abin da ke rage ɓarnar shi ne ƙuntata iyakar zamewar farashin da ka amince da ita a manhajar kafin ka danna.

Me ya sa sabon tokin ke faɗuwa ba da jimawa ba bayan an buɗe cinikinsa?

Domin ranar da ka fara ganinsa ita ce ranar da wasu suka daɗe suna jira su sayar. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Watanni ko shekaru kafin a kai tokin kasuwa, masu shi sukan sayar wa kamfanonin zuba jari wani kaso a farashi mai rahusa ƙwarai, su ware wa kansu wani, su ba dillalan da za su riƙa cika kundi wani. Idan kamfani ya saya a kan santi 2, aka buɗe kasuwa a kan dala 1, to ko farashi ya zube da kashi 90 cikin 100 ya koma santi 10, kamfanin ya ninka kuɗinsa sau biyar, kai kuwa da ka saya ranar buɗewa saura ushirin jarinka ya rage maka. Galibi ana kulle kason waɗannan mutane a riƙa sakinsa bisa jadawali, kuma kowace ranar saki sabon kaya ne ke kwararowa kasuwa. Jadawalin yakan kasance a rubuce a takardun tokin, sai dai kaɗan ne ke karanta shi.

Misalai biyu daga 2025 sun ishi mai lura. Tokin TRUMP da aka ƙaddamar a watan Janairu, kwanaki kaɗan kafin rantsar da Donald Trump, an bayyana tun farko cewa kashi 80 cikin 100 nasa yana hannun kamfanonin da ke da alaƙa da shi. A ranar 14 ga Fabrairu kuma shugaban Ajantina Javier Milei ya tallata tokin LIBRA a shafinsa na X, farashi ya yi sama, cikin 'yan sa'o'i wasu lalitoci ƙalilan na masu hannu a ciki suka kwashe kuɗi kimanin dala miliyan 100, tokin ya rushe a kan dubban mutanen da suka shigo daga baya.

Mu da muka yi ta danna waya a Telegram fa, ina matsayinmu?

Duk wanda ya zauna a majalisar matasa a arewacin Najeriya a tsakiyar 2024 ya ga abin da idonsa: mutum biyar a kan benci ɗaya a gaban shagon caji, kowa ya sunkuyar da kai yana bugun allo da yatsu uku, babu mai ce wa wani uffan, sai dai a ɗago a tambaya yaushe za ta fashe. Fashewar Notcoin, wasan danna allo na Telegram da ya raba wa 'yan wasansa tokin, a watan Mayu 2024 ta ba wasu kuɗi na gaske, kuma ita ce ta jawo turmutsutsun. Da Hamster Kombat, wadda ta ce tana da 'yan wasa miliyan 300, ta shiga kasuwa a ƙarshen Satumba, mutane da yawa sun tarar da ladan watanninsu bai wuce 'yan daloli ba.

Lissafin a sarari yake: abin da aka ware don rabo ƙayyadadde ne, masu jiran rabo kuwa ba su da iyaka. Yawan jama'ar shi ne hajar da masu manhajar suka tallata wa masu talla da dandalin musaya, suka karɓi kuɗinsu tun kafin ranar rabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya biyo bayan buɗe ciniki kuwa shi ne wanda aka bayyana a amsar da ta gabata.

Me ya sa farashi ke zuwa daidai inda jarina zai ƙone, sannan ya juya?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi da ɗacin rai, kuma a ganina nan ne mai ƙaramin jari ya fi miƙa wuyansa da kansa. Cinikin ninki yana nufin ka ajiye dala 100 a matsayin jingina, dandali ya ba ka damar juya dala 2,000, wato ninki 20. Idan farashi ya bi inda ka zata da kashi 5 cikin 100, ka ninka kuɗinka. Idan ya saɓa maka da kashi 5, ko ma ƙasa da haka kaɗan, na'urar dandalin za ta rufe cinikin da ƙarfi ta cinye jinginar. A ninki 100, motsin kashi 1 ya isa, kuma Bitcoin takan yi irin wannan motsi sau da dama a yini guda.

Babu wanda ya san ka ko ya damu da dalarka 100. Amma dubban mutane suna shiga a wuri ɗaya, da ninki iri ɗaya, suna sa iyakar asararsu a ƙarƙashin lambobi masu cika kamar 60,000, saboda haka wuraren da jari zai ƙone sukan taru a tsibi-tsibi, har akwai shafukan da ke zana taswirarsu. Mai babban jari da ya tura farashi zuwa tsibin farko, ta hanyar da aka nuna a amsar kundin tayi, ya san cewa kowace rufewar dole ta waɗanda suka zaci farashi zai tashi sayarwa ce da za ta ƙara danna farashi zuwa tsibi na gaba. A can ƙasa sai ya zauna ya saye da araha. Ba kowace faɗuwa ce ake shiryawa ba, amma ko wadda labari ya jawo, amfaninta yana komawa ga mai tsabar kuɗi a hannu.

A ranar 19 ga Mayu 2021 Bitcoin ta zube da kusan kashi 30 cikin 100 cikin sa'o'i. A ranar 10 ga Oktoba 2025, bayan Trump ya yi barazanar ƙarin harajin kashi 100 cikin 100 a kan kayan Sin, an rufe cinikin ninki na fiye da dala biliyan 19 cikin kwana guda. Wanda ya riƙe Bitcoin ɗinsa ba tare da rance ba ya wayi gari da adadin da ya kwanta da shi, darajarsa ce ta ragu. Mai ninki kuwa ya wayi gari babu komai, ko da farashin ya dawo washegari.

Shin dandalin da nake ciniki a kansa zai iya zama abokin karawata?

Ya taɓa faruwa, kuma kotu ta tabbatar. Sam Bankman-Fried ya mallaki dandalin FTX tare da kamfanin ciniki na Alameda Research, kuma a shari'arsa an nuna cewa an keɓe Alameda daga dokar rufewar dole da ke hawa kan kowa, aka kuma ba shi damar ɗibar kuɗin masu ajiya. FTX ya durƙushe a watan Nuwamba 2022 da giɓin kusan dala biliyan 8, aka yanke wa mai shi ɗaurin shekara 25 a watan Maris 2024. Akwai kuma matsalar sanin labari kafin kowa: Ishan Wahi, wani ma'aikacin Coinbase, yakan sanar da ɗan'uwansa da abokinsa tokin da dandalin zai sa a kasuwa don su saya kafin sanarwa, aka ɗaure shi shekara biyu a 2023.

Yawan cinikin da nake gani a allo na gaskiya ne?

Ba ko yaushe ba. Akwai masu sayar wa kansu da kansu ta lalitoci daban-daban don tokin ya yi kama da mai kasuwa, akwai kuma masu ajiye ƙaton tayi a kundi don a zata akwai mai saye, da farashi ya matso sai su janye shi. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan da sunan najashi, wato taya kaya ba da niyyar saye ba sai don a ruɗi wani, kuma hadisi ya hana shi. A 2019 kamfanin Bitwise ya gabatar wa hukumar kula da hannayen jari ta Amurka bincike mai cewa kusan kashi 95 cikin 100 na cinikin Bitcoin da dandali ke bayarwa a lokacin na bogi ne. A watan Oktoba 2024 hukumar FBI ta bayyana cewa ita ce ta ƙirƙiri tokin NexFundAI a matsayin tarko, kamfanonin da ke sayar da wannan aikin na kumbura ciniki suka faɗa ciki.

Idan kasuwa ta rushe, wa ke saye, wa ke sayarwa?

Bankin BIS, wato bankin manyan bankunan ƙasashe da ke Basel a Suwizalan, ya bibiyi abin da ya faru bayan rushewar kuɗin kirifto na Terra a watan Mayu 2022 da ta FTX a Nuwamba, ya gano cewa masu manyan lalitoci sun rage Bitcoin ɗinsu a kwanakin, ƙanana kuwa suka ƙara saye. Wani bincikensa da ya duba ƙasashe 95 daga 2015 zuwa 2022 ya nuna cewa mutane sun fi sauke manhajojin ciniki a lokacin da farashi ke sama, ya kuma ƙiyasta cewa kusan kashi uku cikin huɗu nasu sun yi asara.

Ke nan manyan ba sa asara?

Suna yi, wani lokacin ma har su mutu murus. Kamfanin Three Arrows Capital na Singafo, wanda ya juya biliyoyin daloli, ya karye a tsakiyar 2022 saboda cutar da ke kashe ƙanana, wato rance mai yawa. Fifikon da ya rage wa waɗanda suka tsira shi ne iya jira. Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau da ke saye da kaka ya ajiye har damina bai fi manomi sanin gero ba, ya dai fi shi abin da zai ci kafin farashi ya tashi. Bayan faɗuwar FTX, masu ajiya da yawa da kuɗin haya da na makaranta suka matsa musu sun sayar da takardun bin bashinsu a ƙasa da rubu'in darajarsu, kamfanonin da suka ƙware a sayen irin wannan bashi suka saye suka zauna. A watan Oktoba 2024 kotu ta amince da tsarin biyan cikakken bashin har da ƙari, bisa farashin Nuwamba 2022.

To, me zai hana in riƙa bin sawun manyan lalitoci ina kwaikwayonsu?

Kundin bulokcen a buɗe yake, amma motsin kuɗi kawai yake nunawa, ba ya nuna niyya. Lalitocin da suka fi girma galibi na dandalin musaya ne, kuɗin miliyoyin mutane ne a ciki. Wanda ka ga ya sayi Bitcoin mai yawa wataƙila ya buɗe kishiyar cinikin a wani dandali don kare kansa, kuma cinikin da ya bi ta dillalai na musamman, kamar yadda aka faɗa a baya, ba lalle ka gan shi a kan lokaci ba. Sun kuma san ana kallonsu. Haka batun yake da guruf-guruf na Telegram da WhatsApp masu raba sigina: wanda ya ce ka saya yanzu, a mafi yawan lokuta ya riga ya saya.

Babu dokar da ta hana waɗannan abubuwa?

Ana kan kafawa, kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Dokar MiCA ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a ƙarshen Disamba 2024, ta haramta murɗa farashi da ciniki da bayanan sirri. A Najeriya Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto a Fabrairu 2021, ya sassauta a Disamba 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin intanet a ƙarƙashin hukumar kula da hannayen jari. Sai dai yawancin fifikon da aka lissafa a nan, kamar rangwamen la'ada, da saye kafin buɗe kasuwa, da saurin na'ura, ba laifi ba ne a idon doka, kuma wanda aka cuta a dandalin da ke wata ƙasa da wuya ya samu inda zai kai ƙara.

Akwai wani abin da ƙaramin ɗan kasuwa ya fi babba da shi?

Akwai, ko da yake ba shi da yawa. Mai dala 300 yana iya fita daga kasuwa cikin daƙiƙa ɗaya farashi bai motsa ba, abin da mai dala miliyan 300 ba zai iya ba. Babu masu jari a bayansa da za su tuhume shi a ƙarshen wata, saboda haka yana iya yin wata shida bai yi ciniki ko ɗaya ba, kuma a duk tsawon lokacin ba ya biyan la'ada, ba a sa shi a tsakiya, jinginarsa ba ta ƙonewa. Wannan damar tana ɓacewa da zarar kuɗin da ya sa na haya ne, ko na adashi, ko bashi ne da ya ciwo, domin daga ranar akwai lokacin da dole ya sayar ko farashi yana ina. Kafin ya sayi kowane sabon tokin kuwa, akwai abubuwa uku da zai iya dubawa kyauta cikin rabin sa'a: kashi nawa ne ke hannun lalitoci goma mafiya girma, a kan nawa masu jarin farko suka saya, da kuma ranar da za a saki kasonsu na gaba.